Babin Aldol: Daɗin Duk Yana Wurin Fitar Ruwa

Duk wanda ya ce mini a kemistirin oganik kaf akwai matakin da ya kai fitar ruwa daga aldol kyau, to ya gyara zama, musu za mu yi har asuba. Na san 'yan Diels–Alder suna da bakin magana, na san masoya Grignard ba sa yarda a wuce su, kuma ban raina kowa ba. Amma ku da jarrabawa ta sa a gaba, kuna zaune da Clayden a cinya ko fotokwafinsa da ya sha hannu, ku buɗe babi na 26 a bugu na biyu, wanda Maɗaba'ar Jami'ar Oksfod ta fitar a 2012 da sunayen Jonathan Clayden da Nick Greeves da Stuart Warren a bango, ku karanta shafukan farko a tsanake, sannan ku zo ku gaya mini inda kuka taɓa ganin 'yar ƙaramar tambaya ta goyo ilimi mai yawa haka. Tambayar kuwa ita ce mai hana 'yan aji biyu barci: an haɗa aldol, to a tsaya nan ne, ko ruwa zai fita?

Mu maimaita farkon, don daɗin maimaitawar kawai. Asitaldihaid, ɗan ƙaramin aldihaid mai kabon biyu, a zuba masa NaOH da aka sirka da ruwa sosai, a bar shi cikin sanyi. Haidroksaid ya cire haidrojin ɗaya daga kabon alfa, inolet ya samu, ya kai wa kabonil na wani asitaldihaid ɗin hari, sabon bon ya ƙullu tsakanin kabon da kabon, ga 3-haidroksibutanal. Kabon huɗu, OH a kan beta, kabonil yana nan daram. Nauyi 44 da 44 sun zama 88, ko atom ɗaya bai zube ba. Adishan ke nan. A ƙara bes, a ɗora kan wuta, sai 88 ya koma 70. Wannan 18 da ya ɓace nauyin ruwa ne, abin da ya rage kuma shi ne kurotonaldihaid, mai dabul bon tsakanin alfa da beta, kafaɗa da kafaɗa da kabonil. Kondansheshan ya cika.

Tsohon ri'akshan ne, kuma hatta tarihinsa abin so ne. Charles-Adolphe Wurtz ya ba da rahotonsa a Faransa a 1872, a daidai zamanin da Alexander Borodin yake ta fama da haɗuwar aldihaid da aldihaid a Sen Pitasbag ta Rasha. E, Borodin ɗin nan dai mai tsara kiɗa, mai ofera ta Yarima Igor, likita kuma farfesan kemistiri wanda kiɗa aikin hutunsa ne. Mutum ɗaya ya bar wa duniya kiɗan da har gobe ake saurare, ya kuma bar wa ɗalibai tambaya mai maki goma. Wane irin rabo ne wannan!

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Tun a babin eliminashan aka gama cusa mana cewa haidroksaid ba libin guruf ne na kirki ba. Ka dafa etanol da NaOH daga safe har dare, ba za ka ga etilin ba. Sai ka kawo asid mai ƙarfi da zafi, ka ɗora wa OH furoton, kafin ya yarda ya tafi. To ga shi a aldol, tsundum cikin bes, OH ɗin nan yana ficewa salin-alin. Yaya aka yi? Amsar ita ce E1cB, mekanizim mai tsabta, mai tsari, mai wayo, mai ladabi, wanda bai karya ko ɗaya daga dokokin da aka koya mana ba, zagaye su kawai ya yi. Bes ba ya ko kallon OH ɗin. Abin da yake nema shi ne haidrojin alfa da ya saura, wanda kabonil ya riga ya sassauta masa riƙo: pKa ɗinsa wajen 17 a aldihaid, wajen 19 zuwa 20 a kiton, alhali na haidrokabon zalla yana can sama wajen 50. Ya cire shi, inolet ya sake samuwa, karo na biyu ke nan a ri'akshan ɗaya. Sai ilektron ɗin da suka taru kan oksijin su gangaro su sake gina C=O, dabul bon ɗin inolet ya matsa gaba zuwa tsakanin alfa da beta, haidroksaid ya fice ta ɗaya gefen. Kibiya uku. Shi ke nan fa.

Abin da ke tsuma ni duk lokacin da na zana kibiyoyin nan shi ne haidroksaid bai canja hali ba, turo shi aka yi daga ciki. Molakul ɗin ya riga ya ɗauki caji, anayon ne yake sallamar anayon, kuma ladan da ke jira a gaba ba ƙarami ba ne: inon mai konjugeshan, C=C da C=O a jere, ilektron suna baje kolinsu a kan atom huɗu. Duk da haka matakin ba na banza yake zuwa ba. A 2016 Charles Perrin da Kuei-Lin Chang na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun bi haɗuwar kalkon, inon da ake samu daga benzaldihaid da asitofinon, mataki-mataki, suka nuna cewa ficewar haidroksaid ɗin nan ta ƙarshe ita ce mai jinkirin da ke kayyade gudun ri'akshan ɗin gaba ɗaya. Ku duba fa: abin da aka sani tun ƙarni na 19, a ƙarni na 21 ana kan tantance wace kibiya ce mai nawa. Ta yaya mutum ba zai kamu da sonsa ba?

Saboda haka in kuka zana E2 a nan, komai a numfashi ɗaya, mai duba takarda yana da hujjar zaftare maki. In kuwa kabokatayon kuka zana a tsakiyar NaOH, ba zaftarewa zai yi ba, ajiye jan biro zai yi ya riƙe kai.

Batun wuta fa? Kowa ya haddace cewa in an ga alamar delta a ƙarƙashin kibiya, a fitar da ruwa. Gaskiya ne, kuma a mafi yawan tambayoyi haddar za ta fisshe ku. Sai dai tana hana mutum ɗanɗana dalilin, alhali dalilin ya fi ta sauƙin riƙewa. Adishan yana ɗaukar molakul biyu ya mayar ɗaya, abin da entirofi ba ya so, kuma mataki ne mai juyawa: ritiro-aldol yana nan laɓe, bes ɗin da ya ƙulla shi ne zai kwance. Fitar ruwa kuwa ɗaya take mayarwa biyu, inon da ruwa, don haka iya zafi iya goyon bayan da take samu. Ga kuma tudun kuzarin da sai an haura kafin haidroksaid ya saki, zafin ne ke ba da ƙarfin hawa. Adishan kamar ciniki ne da ake kan tayawa, mai kaya yana ta cewa albarka, kowa na iya juya baya ya kama gabansa. Fitar ruwa ita ce "na sallama". Da zarar ɗan aldol ɗin da ya samu ya bi ta nan, sai ikwilibiriyom ya sake samar da wani, shi ma ya bi, a haka har kayan farawa su ƙare.

Asiton ne ya fi kowa nuna wannan, shi ya sa nake ji da shi. Kiton ba shi da zafin nama irin na aldihaid: rukunin alkil biyu sun tare hanya, sun kuma rage wa kabon ɗin kabonil ƙishin ilektron. Ka zuba wa asiton bes ka zauna jira, dayasiton alkohol ɗin da za ka samu kaɗan ne ƙwarai, domin ikwilibiriyom ya karkata baya. Sai magabata suka ɓullo da wata dabara mai sauƙi, mai arha, mai haƙuri, mai ban sha'awa, da na'urar Soxhlet: Ba(OH)2 a ɗan ƙoƙon sama, asiton a filas ɗin ƙasa yana tafasa a digiri 56, tururinsa ya hau ya huce ya ɗigo kan bes, ɗan abin da ya haɗu ya gangaro ƙasa inda babu bes ɗin da zai warware shi, kuma ba zai sake hawa ba tunda shi sai an haura digiri 160 yake tafasa. Asiton yana ta kewayawa, aldol yana ta taruwa. Kai, kwanya ta yi aiki a nan! Ga aldol tsantsa mai nauyi 116, ruwa bai fita ba. Sannan a jefa masa 'yar ƙwayar ayodin ko ɗigon asid a yi distileshan, 116 ya koma 98, mesitil oksaid ya bayyana. Kayan farawa ɗaya, furodak biyu, kuma mai aikin ne ya zaɓi inda za a tsaya.

Tunda an ambaci asid, a can labarin gajere ne. Inol ne ke kai hari maimakon inolet, kabonil da aka ɗora wa furoton ne ke karɓa, OH na beta ya samu nasa furoton ɗin ya zama ruwa, ruwa kuwa ba ya buƙatar lallashi. Aldol a cikin asid kusan kullum a inon yake ƙarewa. Kun ga HCl ko TsOH a kan kibiya, ku zana dabul bon ɗinku ku wuce.

Sai kuma wanda duk ɗan lab yake tunawa da murmushi, Claisen–Schmidt, aikin Ludwig Claisen da J. G. Schmidt, kowa da nasa rahoton, a 1880 da 1881. Benzaldihaid ba shi da haidrojin alfa ko ɗaya, ba zai taɓa zama inolet ba, aikinsa karɓar hari kawai. Asiton kuwa shida gare shi. A haɗa benzaldihaid kashi biyu da asiton kashi ɗaya a cikin etanol da ruwan NaOH, a yi ta juyawa a zafin ɗaki, babu wuta, babu rifilos, babu komai. Ruwan da ke garau sai ya fara yin hazo, ya ɗauki launin ɗorawa, kafin ka ankara wani gari rawaya, mai laushi, mai kauri, mai ɗaukar ido ya cika filas, wanda in aka tace aka sake narkar da shi aka bar shi ya huce zai fito da kiristal masu sheƙi, masu narkewa a wajen digiri 110. Daibenzalasiton! C17H14O: 106 sau biyu, a haɗa da 58, a cire 36, ya ba da 234 cif. Ruwa biyu sun fita, ba wanda ya ƙyasta ko ashana.

A nan ne haddar delta ke kayar da mutane ƙasa warwas. Ɗalibi ya leƙa ƙarƙashin kibiya bai ga wuta ba, sai ya tsaya a beta-haidroksi kiton, maki ya tafi. Ai ladan konjugeshan a nan ya yi girman da ba a buƙatar turi. Ku bi molakul ɗin da yatsa: zoben benzin, C=C, C=O, C=C, wani zoben benzin, kabon 17 duka sp2, ilektron na da hanya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Launin rawayar kansa shaida ce, domin doguwar konjugeshan ce ta janyo shan haske zuwa inda ido ke gani; asiton da benzaldihaid ba su da launi. Ƙari a kan haka furodak ɗin yana daskarewa ya fice daga ruwan, ya bar ikwilibiriyom yana ta binsa. Haka kalkon yake, daga benzaldihaid da asitofinon. Haka sinamaldihaid, mai ba wa kirfa ƙanshinta, wanda ake haɗawa daga benzaldihaid da asitaldihaid. In aldihaid ɗin aromatik ne, ku ɗauka ruwa ya fita, kuma ku zana dabul bon ɗin a siffar E, manyan rukunai suna ba juna baya. Daibenzalasiton ɗin nan na firaktikal, kada ku raina shi, shi ne dba ɗin da ke cikin Pd2(dba)3, ɗaya daga cikin hanyoyin da manyan lab-lab suke shigar da faladiyom cikin ri'akshan.

Ɗaya gefen tarkon ya fi wannan mugunta, kuma da ni ke fitar da jarrabawa da shi zan saka kowace shekara. Aisobutiraldihaid, wato 2-metilfurofanal. Haidrojin alfa ɗaya tak gare shi. Bes ya cire, inolet ya kai hari, kabon alfa ya wayi gari riƙe da kabon huɗu: metil biyu, CHO, da sabon kabon mai OH. To da me za a yi inolet na biyu? Babu. Ka jera delta goma a ƙarƙashin kibiya, E1cB ba shi da wurin sa ƙafa. Abin da zafi zai fi yi shi ne ya warware aldol ɗin ya mayar da shi inda ya fito. Lissafin ɗan kaɗan ne: kabon alfa da zai kai hari sai ya zo da haidrojin biyu aƙalla, ɗaya na ƙulla bon, ɗaya na fitar ruwa. Masana'antu ma sun mayar da wannan cikas ɗin jari, suna haɗa aisobutiraldihaid da fomaldihaid su samu aldol da ba shi da hanyar bushewa, su ƙara masa haidrojin ya zama niyofentil gilaikol na yin resin ɗin fenti. Akwai kuma ɗan'uwan wannan tarko, inda haidrojin yana nan amma dabul bon ɗin zai faɗo a kan gadar ƙaramin zobe mai hawa biyu. Julius Bredt ya haramta wannan tun 1924, kuma aldol irin wannan yana zama da OH ɗinsa.

Tunda muna kan ƙidaya, ku yi hattara da furofanal. Hannu yana son ya miƙe layi ya zana sarƙa mai kabon shida, amma kabon na biyu ne ke kai hari, ba na uku ba. Amsar ita ce 2-metilfent-2-inal, da reshen metil a kan alfa. Butanal ma haka: 2-etilheks-2-inal, wanda ake ƙara wa haidrojin ya zama 2-etilheksanol, a yi sinadarin da ke tausasa robar PVC da shi. Ku sa lamba a kan kowane kabon kafin ku zana. Ba abin kunya ba ne.

To, 'yan LDA, na san kun ƙagu. LDA, THF, digiri 78 ƙasa da sifili a cikin ƙanƙarar kabon dayoksaid da asiton, sannan aldihaid, sannan ruwan NH4Cl. In kun ga wannan jeri, ruwa ba ya fita, kuma dalilin kansa abin kallo ne. LDA bes ne mai ƙarfi, mai ƙiba, mai saurin aiki, wanda zai mayar da kiton ɗin gaba ɗaya inolet ɗin litiyom tun kafin aldihaid ya shigo, ya ƙare kansa a wurin. Bayan an ƙulla bon, furodak ɗin yana zaune a matsayin alkoksaid, litiyom ya riƙe oksijin biyu a zobe mai kusurwa shida. Babu ragowar bes, babu zafi, babu ma OH da zai fice, sai an zo wokof a hankali ake ɗora masa furoton. Howard Zimmerman da Marjorie Traxler ne suka kawo hoton tiransishan sitet mai siffar kujera a 1957, Teruaki Mukaiyama ya zo da silil inol ita da TiCl4 a 1973, David Evans ya zo da oksazolidinon ɗinsa a farkon shekarun 1980, dukkansu suna hidimar abu ɗaya ne: a ƙulla aldol, a mallaki sitiriyosenta ɗin da suka samu a alfa da beta, a bar su daram. Ga mai gina molakul irin eritiromaisin, fitar ruwa asara ce tsagwaronta, domin dabul bon yana shafe sitiriyosenta biyun a take. Ina son inon, amma ko ni na yarda akwai ranar da barin ruwa a ciki shi ne gwaninta. In kuma daga baya aka so inon ɗin, sai a mayar da OH mesilet da MsCl, a kawo bes irin DBU, ya fice cikin mutunci.

Labarin da ya fi nuna mini cewa yanayi ne sarki ya faru ne a farkon shekarun 1970. Zoltan Hajos da David Parrish a kamfanin Hoffmann-La Roche a Amurka, da Ulrich Eder da Gerhard Sauer da Rudolf Wiechert a kamfanin Schering a Jamus, sun ɗauki tirikiton iri ɗaya da katalis iri ɗaya, amino asid ɗin nan furolin, suna neman ginshiƙin sitiroyid. Na Amurka suka yi a zafin ɗaki cikin DMF da ɗan furolin kaɗan, suka tsaya a aldol, sai daga baya suka fitar da ruwa da asid. Na Jamus suka haɗa da asid da zafi tun farko, suka faɗa kan inon kai tsaye. Amsar tambayar jarrabawarmu ke nan, an rubuta ta da filas biyu a nahiya biyu. Furolin ɗin nan kuma shi Benjamin List ya farfaɗo da shi a 2000 don aldol tsakanin molakul biyu, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2021 tare da David MacMillan.

Ga kuma wanda ya fi kusa da bakinmu, ba kwatance ba ne, ri'akshan ɗin ne da kansa. Jinjarol, babban mai ba ɗanyar citta yaji, beta-haidroksi kiton ne sak: kabonil, CH2, sannan kabon mai OH. In manoman Kaciya da Kafancan suka tsaga citta suka shanya, ko aka ba ta zafi, sai wani sashe na jinjarol ya saki ruwa ya zama shogawol, inon mai konjugeshan, wanda ya fi shi yaji. Shi ya sa garin busasshiyar citta yake da wani cizo da ɗanya ba ta da shi. Ɗaya hanyar ma a buɗe take: jinjarol yana iya bin ritiro-aldol, ya rabe gida biyu, heksanal da zinjaron mai sassaucin yaji da ɗan ƙanshin zaƙi. Gaba ko baya, kibiyoyin babi na 26 ne a cikin kofin shayi. Zinjaron ɗin ma a lab daga banilin da asiton ake haɗa shi, ta Claisen–Schmidt sannan a ƙara haidrojin. Tabɗi!

In tambaya ta zo da sifektira, to an ba ku amsa a hannu. Faffaɗan tudun OH a IR tsakanin 3200 da 3600 ya ɓace, C=O ya sauko daga wajen 1715 zuwa wajen 1685 ko ƙasa, mas ya ragu da 18, NMR ya nuna haidrojin biyu na dabul bon da J wajen 16 Hz: ruwa ya fita, kuma siffar E ce.

Ƙorafi? Akwai, so ba ya hana faɗa. Na farko kan masu fitar da tambaya ne da za su rubuta NaOH tsirara a kan kibiya, ga aldihaid kawai, ba zafi, ba sanyi, ba ƙarfin bes, sannan su zo suna jiran amsa ɗaya. Haba malam! Abin da nake yaba wa Clayden ke nan, bai yi wa kowa ƙaryar cewa akwai layi ɗaya miƙaƙƙe ba. Ya nuna cewa a cikin bes ana iya tsayawa, ana iya wucewa, ya dogara da yanayi da kuma molakul ɗin. In kuka ci karo da irin wannan tambaya, ku zana aldol, ku ja kibiya ta biyu da delta zuwa inon, ku rubuta layi ɗaya na bayani. Mai adalci ba zai hana ku maki ba. Na biyu kan littafin ne da kansa. Kyakkyawa ne, mai hira da mai karatu, mai kibiyoyi masu launi, mai bayanan gefe da ke zuwa daidai lokacin da kai ya fara ɗaurewa, amma bugu na farko na 2001, wanda Peter Wothers yake ciki, yana da tambayoyin gwaji a ƙarshen kowane babi, na biyu kuwa aka kwashe su aka kai intanet. Littafi ya haura shafi 1,200, jaka tana kuka, sannan sai na sayi data kafin in gwada kaina? Ga E1cB can a babi na 17, inolet a na 20, sai mutum ya yi ta safa da marwa da yatsu uku a cikin shafuka. Na yafe, amma na faɗa.

Na bar na cikin gida a ƙarshe da gangan, wato aldol da molakul ɗaya yake yi da kansa, domin nan ne komai ke haɗuwa. Heksan-2,5-dayon da NaOH da zafi: in kabon na uku ya kai hari zobe mai uku za a samu, wanda ko ya ƙullu ritiro-aldol zai ɓalle shi nan take, in na ɗaya ne, zobe mai biyar, ruwa ya fita, 3-metilsaikulofent-2-inon ya tabbata. Ba wai munanan hanyoyin ba sa faruwa ba ne, faruwa suke su koma, sai mai iya kaiwa ga inon marar takura ta kwashe kayan duka. Heftan-2,6-dayon, zobe mai shida ya kayar da mai huɗu. Ka sa adishan ɗin Michael a gaban wannan, ka samu anuleshan ɗin Robinson na 1935, mai gina zobe shida-shida na sitiroyid, aikin Robert Robinson wanda ya karɓi Nobel a 1947. Sis-jasmon na turaren yasmin ma ta rufe 2,5-daikiton ake samunsa.

Wanda zai gwada ku shi ne oktan-2,7-dayon. Hannu ya saba da metil ɗin ƙarshe, zai ruga ya yi inolet a kabon na ɗaya, sai ya tsinci kansa da zobe mai bakwai. Ku dawo kabon na uku ku ƙirga: uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, zobe mai biyar. Kabon na uku ya zo da haidrojin biyu, ɗaya ya tafi wajen ƙulla bon, ɗaya wajen fitar ruwa. Kabonil ɗin da ya tsira yana waje da zoben, dabul bon yana ciki, kuma sunan furodak ɗin 1-asitil-2-metilsaikulofentin.